Athol Direen, Mai Kai Mu Duwatsun Bakin Teku

Da safiyar Talata, sha biyu ga watan Agusta, Allah ya yi wa maƙwabcinmu Athol Direen rasuwa a gidansa da ke unguwar Moonah, a birnin Hobart. Yana lambun bayan gida yana datse rassan itacen tuffa zuciyarsa ta tsaya. Matarsa Beryl ce ta fito masa da shayi, ta tarar da shi zaune ya jingina da gindin itacen, almakashin na hannunsa. Ya rasu yana da shekara saba'in da shida.

Athol, ni ce Coral, ta gida na uku daga naku. Kwana takwas ke nan ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Yau dai na ce sai na rubuta, domin akwai abin da ka yi wa gidana wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Shekara talatin da ɗaya ka yi kana tuƙa bas a cikin gari. Da ka ajiye aiki kowa ya zaci hutawa za ka yi, sai ga ka da wata tsohuwar mota mai kujera goma sha biyu, ka haɗa mata katakon hawa da keken guragu da hannunka. Tun daga nan, duk Alhamis da ƙarfe takwas na safe, sai ka bi gida-gida ka ɗebi tsofaffi da marasa lafiya da waɗanda 'ya'yansu suka ƙetara Melbourne suka bar su da talabijin. A tsaya a Sorell a ci burodi mai nama da zafinsa, a wuce Dunalley, a isa duwatsun da ke bayan Eaglehawk Neck kafin rana ta take, a dawo gida kafin ta faɗi. Shekara goma sha ɗaya kana wannan.

Ba ka taɓa wuce mushen kangaru, dabbar nan mai goyon ɗanta a jakar fatar cikinta, a bakin titi ba sai ka tsaya ka duba jakar, ko akwai ɗa mai sauran rai. Sau huɗu ka samu. Ɗaya a cikin hular ulu ta wata tsohuwa ya ƙarasa tafiyar, tana ta mita wai kunnuwanta za su daskare, amma ta hana kowa taɓa shi. Ba zan ce ba ka da aibi ba. Kana da taurin kai, ba ka taɓa yarda ka ɓata hanya ba ko da ka ɓata, kuma tuƙinka a hankali yake har motoci su yi layi a bayanmu suna hon, kai kuwa kana waƙa da muryar nan taka mai kama da buɗe tsohuwar ƙofa.

Mijina Lindsay masunci ne, shekararsa talatin da huɗu a kan ruwa. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, ya rasa hannun dama da ƙafar dama, harshensa ya yi nauyi. Ya daina zuwa asibiti wurin masu motsa gaɓoɓi. Ya daina duba madubi. Wata rana ina ba shi abinci ya kau da kai, ya ce da ƙyar, "Da ma ban farka ba." Tun ranar na kwashe magungunansa na ɓoye a saman kabad, ban gaya wa ko 'yar'uwata ba.

Kai kuwa duk Laraba sai ka shigo ba sallama, ka tsaya a kansa.

"Kai tsoho, har yanzu kana nan? Na ɗauka Coral ta haɗa ka da tsofaffin kujeru ta bayar."

"Fita," in ji Lindsay. Ita ce kalmar da ke fita daga bakinsa tar.

"Ka ga bakin ma yana aiki. Gobe ƙarfe takwas."

Wata biyar kuna haka. Ran nan kawai sai Lindsay ya ce, "Zan je." Na san tsayin duwatsun nan, na kuma san abin da ke ransa. Na bi ka har bakin ƙofa, na faɗa maka komai, na ce kada ka zo gobe. Ka cire hula ka saurare ni har na gama. Sannan ka ce, "Na ji, Coral. Ki sa masa riga mai kauri, akwai iska."

A ranar Alhamis ɗin, sama ta washe, amma iskar kudu tana yankan fuska. Muka tura keken a kan tsakuwa har inda hanya ta ƙare. Gabanmu shingen ƙarfe ne da bai wuce ƙugu ba, bayansa kuwa dutse ya yanke tsaye, baƙi ƙirin, har can ƙasa inda ruwa ke dukansa yana tashin farin kumfa. Tsuntsayen teku ma a ƙasanmu suke shawagi. Lindsay ya ce, "Matsa." Na riƙe keken gam, na kasa tura shi.

Sai ka koma mota ka dawo da igiyar jan mota. Ka zagaya ta a ƙugun Lindsay ka ƙulla, ka ɗaura ɗaya bakin a naka ƙugun.

"To, mutumina, duk inda za ka tare za mu je. Sai dai ka sani Beryl ta sa cinyar rago a wuta, ni kuwa ina so in ci."

Lindsay bai dube ka ba, bai dubi teku ba. Ƙullin igiyar da ke ƙugunsa ya zuba wa ido, fuskarsa ta yamutse kamar ya ga ƙazanta.

"Wannan... ɗauri ne?"

"Me ya same shi?"

"Direba," in ji Lindsay, kamar zagi.

Ya sa hannun hagu ya warware shi. Ya kama bakin igiyar da haƙori, ya murɗa, ya zura, igiyar ta suɓuce, ya sake. Sai a karo na uku ya samu. Ya ja ta da ƙarfi ya ga ta zauna daram, irin ɗaurin da suke yi wa jirgi a tasha. Sannan ya ɗago ya ce, "Yanzu matsa."

Muka matsa har keken ya taɓa shinge. Ya daɗe yana kallon ƙasa. Da ya buɗe baki, kalmomin suna fitowa ɗaya-ɗaya, ya ce shekara talatin yana kallon duwatsun nan daga cikin jirgi, bai taɓa ganin su daga sama ba. Ya nuna mana wani lungu inda suke zuba kwandunan kamun kifi, da wani dutse da ya taɓa fasa musu gefen jirgi. Ka ce sunan dutsen kaza, ya ce ƙarya kake yi. Kuka yi ta musu, a ɗaure da juna, sauran fasinjoji suna dariya. Ni kuwa na koma bayan mota na yi kukan da na yi fiye da shekara ina haɗiyewa.

A hanyar dawowa ka miƙa masa lasifikar motar, wadda kake ba fasinjoji labari da ita. "Ni na gaji da yi wa mutanen nan ƙarya, karɓi ka yi taka." Tun daga ranar shi ke ba da labarin teku duk Alhamis. Da farko rabin maganar ba a ganewa, amma ba ka taɓa ƙarasa masa kalma ba, ko da za a yi minti ɗaya ana jira. Ya koma asibiti da kansa. Yau shekara uku ke nan, da sanda yake takawa daga mota zuwa shinge. Ba ka taɓa tayar mini da zancen da muka yi a bakin ƙofa ba, ko da ido. Lindsay ne ya ce in rubuta shi yanzu, ya ce ba mu kaɗai ne ke da irin wannan a gida ba.

Ranar Litinin muka yi jana'izarka. Coci bai ɗauki mutane ba, kekunan guragu kuwa sai da aka jera su har waje. Bayan an tashi, 'yarka Kerryn ta riƙe hannuna ta ce, "Anti Coral, ki gaya wa mutane kada su cire Alhamis daga ransu. Tun bara Baba ya matsa mini na karɓi lasisin babbar mota." Jiya kuma Beryl ta buga mini waya. Ashe duk shekarun nan ba ta taɓa zuwa duwatsun ba, tsoron tsayi take yi, ko tsani ba ta hawa. Ta ce, "Coral, akwai sauran wuri a motar? Ina so in ga abin da ya hana mutumin nan zama a gida." Na ce akwai, kusa da ni. Gobe za mu je da ita.

Allah ya jiƙanka, Athol. Ya yafe maka kurakuranka, ya karɓe ka da rahama, ya saka maka da abin da mu ba mu isa mu saka maka ba. Ina miƙa ta'aziyyata da ta Lindsay ga Beryl, da Kerryn, da ɗanka Dale da iyalinsa, da jikokinka biyar, da dukkan mutanen motar Alhamis. Allah ya ba ku haƙuri, ya sanyaya zukatanku, ya ba Kerryn ƙarfin abin da ta ɗauka, ya kai mu lafiya ya dawo da mu lafiya. Amin.