Milimita Ukun Nea Ilarie

Duk garin Brad an san Nea Ilarie, wato Baba Ilarie a yarensu, da abu biyu: hular da ba ya cirewa sai a coci, da magagarin goge ƙarfe da ba ya ba kowa aro. Shekara talatin da huɗu ya yi yana feƙe ƙarfe a masana'anta, har ranar da aka garƙame ƙofa aka sallami kowa. Abokansa suka tafi Italiya tsinkar tumatir, shi kuwa ya zauna a gida yana gyara abin da bai lalace ba. Ranar da ya kwance injin niƙa naman matarsa Veturia, alhali lafiyarsa ƙalau, ta miƙa masa kwat ɗinsa ta kora shi makarantar sakandare, inda yara ke neman mai koya musu haɗa mutum-mutumin gasa.

Yara goma suka zo, kowa da kwamfuta a hammata. Ya raba musu guntayen ƙarfe da dakusassun magagaran makaranta.

"A goge shi ya kwanta sumul. Ni wata uku na yi a kan irinsa kafin a bar ni in taɓa inji."

"Nea Ilarie, yanzu fa inji ake ba umarni ya yanka," in ji Tudor, wani dogo mai tabarau.

"Fara ba hannunka umarni tukuna, Farfesa."

Shida suka gudu. Cikin huɗun da suka rage akwai Ruxandra, 'yar direban bas, wadda ta goge nata har tafinta ya yi kanta, ta kawo masa. Ya ɗaga shi a haske ya ce, "Ba laifi." A bakinsa wannan lambar yabo ce.

Sai dai tsohon yana da cuta: hannunsa ba ya zama. Da aka fara haɗa na'urar, wadda yaran suka sa wa suna Akuya don ta fi son tunkuyi da tafiya, duk wanda ya ɗauki sukudireba sai ya ji, "Matsa, za ka ɓata." Har magana ta fara yawo a gari cewa Akuyar tsoho ce, yara 'yan rakiya ne. Ya ji, ya yi kamar bai ji ba, amma ta zauna masa a wuya.

Dokar gasa ta ce dole na'ura ta shige akwatin awo mai faɗin inci goma sha takwas. Nea Ilarie ya raina inci, wai awon masu gwada abu da ɗan yatsa ne. "Santimita arba'in da shida ke nan," ya ce, ko biro bai ɗauka ba. Ya ƙera akwatin katako da kansa, Akuya ta shige cif.

Da safiyar gasa a birnin Cluj, mai duba na'urori ta kifa nata akwatin a kan Akuya, ya maƙale. Ta juya shi, ya sake maƙalewa.

"Arba'in da biyar da ɗigo bakwai ne, Kaka. Kun wuce da milimita uku. Rabin awa gare ku, in ba ta shiga ba sai baɗi."

Mutumin da ya yi rayuwarsa yana raba milimita gida ɗari, yau uku cur sun kama shi. Ya fara naɗe hannun riga.

"A'a," in ji mai dubawar, ta nuna wani jan layi a ƙasa. "Malamai daga can. Babba ya taɓa, an kori yara."

Ya koma bayan layi kamar wanda aka hana shiga gidansa. Kan notuna huɗu ne suka yi tsini a gefe, da bakin wani farantin alminiyam. Ya gani tun daga nesa.

Ruxandra ta zo bakin layin ta miƙa hannu. "Kawo."

"Me?"

"Kada ka yi mini wayo, Nea Ilarie. Yana aljihun ciki, ko coci da shi kake zuwa."

Ya zaro magagarin, naɗe a tsumma mai maiƙo. Ya riƙe shi ɗan lokaci kafin ya saki.

"Turawa ake yi, ba a..."

"Ba a ja da baya. Wata guda kana rera mana."

Ya cusa hannu biyu a aljihu ya danne su. Tudor ya cire tabarau ya riƙe Akuya tsakanin gwiwoyinsa, sauran biyun suka rufe wayoyin lantarkinta da rigunansu don kada garin ƙarfe ya shiga. Ruxandra ta gyara tsayuwa, ƙafar hagu a gaba, ta fara. Tsohon ya rufe ido. Ba ya buƙatar kallo. Ƙarar kaɗai ta gaya masa hannun a miƙe yake, ba ya lilo. Ƙarar hannunsa ce, a jikin wata.

Saura minti huɗu aka kifa akwati. Ya sauka har ƙasa, shiru, ko gogar gefe bai yi ba.

Ranar Akuya ta yi tunkuyin da ya yi amfani, ta zo ta uku, aka ba su gurbin babbar gasa a Bucharest. Wani alƙali ya tambayi wanda ya yi wannan gugar, Nea Ilarie ya amsa daga bayan layi, da muryar da ta kai ƙarshen zauren: "Ni dai kuskuren ne nawa."

A bas, suna ɓarzar 'ya'yan furen rana, Ruxandra ta miƙo masa magagarin a naɗe. Ya dube shi, ya bar hannunsa a aljihu.

"Ajiye. Akwai wani akwatin katako a makaranta da ke neman a gyara masa awo."

"Kai ka ƙera shi fa."

"Shi ya sa nake neman wanda ya iya."