Azurfar Wuyan Inna

Shekarar da aka canza kuɗi, sule ya tafi naira ta zo, ita ce shekarar da ruwa ya ɗauke mana a Tsaskiya tun gero bai fid da kai ba. Ina 'yar shekara tara. Shanun Baba guda ashirin suka koma lasar ƙasa a bakin garke. Maƙwabta wasu suka sayar da nasu tun da sauran nama a jikinsu, wasu suka kora suka yi kudu. Baba ya ƙi duka biyun. In aka matsa masa sai ya ce, "Ku yi gaba. Mu muna da azurfar Inna. Ranar da ta yi tsanani, ita za ta sayi angurya ta kai mu damina."

Inna mahaifiyarsa ce. A wuyanta akwai tsirkiyar fata mai ɗauke da manyan kuɗin azurfa bakwai, irin waɗanda ake ce wa liyar, masu hoton kan wata mace. Sadakinta ne. Kuma duk yankin an san Inna da kunne. Mata daga Runka har Yasore sukan kawo mata nasu kafin su saya. Ta ɗora ƙwaya a kan ɗan yatsa, ta ƙwanƙwasa da wata, ta karkata kai.

"Ta gaske kuka take yi, ta ƙarya tari take yi," in ji ta. "Ku kuma duba gefe. Bugun Turai da rubutu a gefensa, zubin gida sumul yake kamar kan Malam."

Mu yi ta dariya. Ni ce na fi kowa naci, har na iya. Abin da ban lura da shi ba a lokacin, Inna ba ta taɓa gwada nata a gabanmu ba.

Bayan sallar isha mukan kewaye wutar kara a ƙofar ɗakinta. A shekarar nan tatsuniya ɗaya ta riƙe, kamar ta manta sauran. "Ga ta nan ta dawo," za ta ce, mu amsa, "Ta zauna mu ji ta." Wai wata tsohuwa ce mai katon rumbu a tsakiyar gari, an liƙe bakinsa da laka. Yunwa ta sauka. Garuruwa suka watse, amma mutanen garin nan suka ce ina, ba inda za mu, rumbun tsohuwa yana nan. Alhali ƙaiƙayi ne a ciki, kuma ita kaɗai ta sani. In ta fasa lakar, zuciyar gari ta karye. In ta yi shiru, su mutu suna jira. Sai ta shimfiɗa tabarma a gindin rumbun ta zauna.

"Sai aka yi yaya, Inna?"

"Tana nan zaune."

"Haba Inna! Ai ba haka ake ƙare tatsuniya ba!"

"To ku ƙare mini, masu baki. Ku tashi, hayaƙi ya ishe ni."

Ko kan ɓera ba ta yanke mana, mu tafi mu kwanta da haushi.

Wata safiya ta shiga wanka ta bar tsirkiyar a ƙarƙashin matashi. Rawar kai ta ja ni. Na ɗora ɗaya a yatsa, na ƙwanƙwasa. Ƙwas. Na ce ko hannuna ne. Na gwada ta biyu, ta uku, har ta bakwai. Dukansu tari suke yi. Na shafa gefe, sumul. Ina ɗaga kai na gan ta a bakin ƙofa, ruwa yana ɗiga daga gashinta.

"Kunnenki ya nuna, Dije," ta ce a hankali.

"Inna, ki gaya wa Baba."

"Da wane bakin? Ɗan fari ne, ko sunansa ban taɓa kamawa ba. Shekara arba'in yana taƙama da wuyan nan. Ke ki gaya masa, tunda kin ji."

Wallahi na so. Sau nawa na kai masa fura a garke, na buɗe baki, in gan shi yana tallafar saniya ta miƙe yana ce mata, "Yi haƙuri, saura kaɗan," sai maganar ta koma ciki. Tsoro nake ji, da kunya, da tausayinsa. Duk saniyar da ta kwanta ba ta tashi ba, ni da Inna sai mu kalli juna mu kau da kai. Da dare ta sake kawo tsohuwa da rumbunta, yara na ƙorafi, ni kuwa ko tari ba na yi, don na san wa ke zaune a tabarmar, kuma na san yanzu mu biyu ne.

Sai da shanu suka koma biyar Baba ya durƙusa a gabanta. Ta cire tsirkiyar ba gardama. "A tafi da yarinyar nan, tana da kunne," ta ce. Na gane nufinta, so take in faɗa a hanya. Daga Tsaskiya har Batsari ina bayan kekensa, ban ce uffan ba.

Maƙerin farfaru da muka samu tsoho ne, idonsa ɗaya ya yi fari. Bai ma ƙwanƙwasa ba. Ya auna a tafin hannu, ya bi gefen da farce, ya matso da ita kusa da idonsa mai gani, ya daɗe.

"Malam, wannan ba ta ƙetare ruwa ba. Ka ga tabon yashi a fuskar matar? Zubi ne, kuza da dalma. A Runka aka yi su, a maƙerar mahaifina, ni ke zuga wuta ran nan. Shekarar fara ce. Wata mata ta zo da goyo, yunwa ta kusa gamawa da shi, mijinta ya tafi cin rani. Ta sayar da na gaske ta sayi gero, ta roƙi a zuba mata madadinsu don kada a gane. Ban san ko yaron ya rayu ba."

Baba ya karɓi ƙwayar ya juya ta a tafin hannunsa. Can ya ce, "Ya rayu."

Duka bakwai ɗin ba su kai kwanon angurya uku ba. Ya naɗe su ya sa a aljihu.

Muka iso da magariba, Inna na gindin wuta. Baba ya cire takalmi, ya durƙusa, ya ajiye tsirkiyar a cinyarta.

"Inna, maƙeri ya ce duk kasuwar Batsari babu mai kuɗin sayensu."

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Ran nan ba a yi tatsuniya ba, kuma ba mu sake jin labarin rumbun ba har ta rasu. Shanu biyu suka ga damina. Baba, da ya tashi da sanda a kafaɗa, ya tafi Kaduna ɗaukar siminti a wajen masu gine-gine.

Na daɗe ina ɗauka darasin shi ne rufin asiri. Yanzu da na kai shekarunta na san Inna roƙo take yi a bakin wutar nan, ko wani zai tashi ya fasa mata lakar, kuma ni aka ba gatarin na kasa ɗagawa. Tsirkiyar tana hannuna. Ranar da na gaje ta na tara 'ya'yana na ƙwanƙwasa musu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ji da kunnensa. Kwanan baya jikata ta tambaye ni nawa za su yi a kasuwa. Na ce mata na gasken sun sayi ran ubana, waɗannan kuwa sun ci shanu goma sha takwas, ni da Inna muna kallo.