Kwana Goma a Alƙahira Muna Nema wa Rubutun Yaya Gida

Kwando ne abin da na fara lura da shi da muka iso unguwar Faisal. Yana saukowa a hankali daga hawa na shida, ɗaure da igiyar shanya. Mai kanti ya fito ya zuba masa gurasa da ƙwai, ya ɗaga kai ya ƙwala kira, kwandon ya koma sama. Ina nan tsaye ina kallo har Umma ta taɓa ni ta ce in ɗauki jakata. Da muka shiga gidan da Yaya take haya na gane hikimar kwandon. Lif ɗin ya lalace tun kafin azumi, ɗakinta kuma yana hawa na biyar.

Sallar asuba kawai muka yi muka bar gida a Kano, ni da Umma. A jirgi ban ci komai ba, domin ma'aikaciyar ta tambaye ni kaza ko kifi, na kasa ɗaga murya, ta ɗauka ba na so ta wuce. Ku da kuka ce in ba ku labarin dalar Masar da kogin Nilu idan na dawo hutu, ku yi haƙuri tun yanzu. Yawancin abin da na gani a Masar allon waya ne.

Ga dalili. Yayata ta shekara bakwai tana karatu a can, bana take gamawa. Tun zuwanta take rubuta wa sababbin ɗalibai mata abin da ita ba ta samu mai gaya mata ba: yadda ake sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, wace mota ake hawa zuwa ina, me ake dubawa kafin a kama haya, inda ake samun kuka da daddawa. Duk ta zuba su a wani shafin intanet da wani ɗalibi ya gina wa ƙungiyarsu ta ɗalibai. Ɗalibin ya gama ya koma gida. Da layinsa na Masar ya buɗe komai, layin kuwa an rufe shi bayan iƙamarsa ta ƙare. Duk wanda ya nemi shiga, sai a aika lambar tabbatarwa zuwa wayar da babu ita a duniya. Wata rana shafin ya ɓace. Abin da ya rage wa Yaya shi ne littattafan rubutu huɗu da tarkacen da ke cikin wayarta, ga shi saura mata wata uku ta tattara ta dawo.

Saboda haka take neman sabon shafi mai bulog a jikinsa, wato sashen da ake ƙara rubutu a kai a kai, kuma sai ta zaɓi manhajar da za a gina shi a kai. Ta yi mini bayani da misalin shago. Akwai gaban da mai saye yake gani, akwai kuma bayan kanta inda ake jera kaya. Manhajar ita ce bayan kantar, ta nan ake shiga a rubuta, a gyara, a wallafa. Ta ce wannan karon ba za ta zaɓi mai kyau ba, za ta zaɓi wadda baƙuwar da ta sauka jiya za ta iya riƙewa.

"Ke ce ma'aunina, Auta," in ji ta. "Ba ki san komai ba, kuma ba kya tambaya. Haka duk suke zuwa."

Umma ta yi dariya. Ni ban san ko yabo ba ne.

Washegari muka fara. Titin Faisal dogo ne, ba ya numfashi. Ƙananan bas farare suna tsayawa a duk inda suka ga dama, direba yana nuna inda ya nufa da yatsu. Babu kwandasta. Na baya yana miƙa kuɗinsa ga na gabansa, hannu zuwa hannu har ya kai direba, canji ya dawo ta hanyar da ya bi, kuma ban ga ya ɓata ko sau ɗaya ba. Wani mai keke ya gifta mu da faifan katako cike da gurasa a kansa, hannu ɗaya a kan kambu. Mun karya da wake da wani ƙosai da suke kira ta'amiyya, wanda cikinsa kore ne shar. Umma ta gutsura ta duba cikin ta ce ko dai bai soyu ba.

Mai gina shafi na farko da muka gani wani ɗalibi ne ɗan Maraɗi, kowa yana ce masa Ustaz. A harabar wani shagon buga takardu ya buɗe mana kwamfutarsa. Ya ce shi ba ya amfani da manhajar kowa, da hannunsa zai rubuta komai, shafin zai yi sauri kamar walƙiya. Allon baƙi ne, rubutun kore da ja. Yaya ta tambaye shi wa zai ƙara labari idan ba ya nan. Ya ce, "Khalas, shi ke nan, Malama, a turo mini kawai." Ta tambaye shi saura masa shekara nawa. Ya ce ɗaya da rabi, in Allah ya so. Na ga Yaya ta rufe littafinta a hankali. Mun yi godiya sosai, mun sha ruwan rake a bakin titi, mun koma mun hau benen.

Kwana biyu ba mu fita ba. Zafin garin irin mai danne mutum ne, ga ƙarar mai sayar da gas da ke buga tukunya da sifana tun safe. Yaya tana zaune a ƙasa da littattafanta, tana karanta ra'ayoyin mutane a intanet, kowa yana cewa tasa manhajar ce ta fi. Umma tana ta tambaya yaushe za a kai ta kasuwa.

A rana ta biyar muka je Zamalek. Tsibiri ne a tsakiyar kogi, a nan ofisoshin jakadanci suke. Daga kan gada na ga Nilu, na minti biyu. Can bishiyoyi sun rufe titi, babu mai ihu, har da wata tsohuwa tana yawo da kare mai riga. Ofishin da muka shiga yana da sanyi har na ja mayafina. Wata Bamisriya mai fara'a ta nuna mana manhajar da suke gina wa mutane shafi da ita. Ana biya ne duk wata da katin banki. Amma kyau kam akwai shi. Hoto za ka ja da linzamin kwamfuta ka ajiye inda kake so, rubutu ya matsa da kansa.

Yaya ta ce a ba ni in gwada. Matar ta zaunar da ni a gaban wani ƙaton allo, ta tsaya a bayana, turarenta ya cika mini hanci. Duk inda na yi jinkiri sai farcenta ya sauka a kan allon, in danna wurin. Wani lokaci ma hannunta yana kan nawa. Cikin minti biyar ga labari da hoto ya fito. Ta ce, "Tamam?" wato komai daidai ko. Yaya tana kallona, wasu maza biyu a ɗaya teburin su ma sun juyo. A gida an koya mana idan babba ya gama yi maka bayani ka ce to. Na ce, "Tamam."

A tasi Yaya ta sake tambayata da Hausa ko da gaske na gane. Na ga yadda fuskarta ta saki a karon farko tun zuwanmu, na ce e. Ta ce shi ke nan, jibi za ta koma ta biya na shekara, ta huta.

Ranar ban iya cin koshari ba, duk da shi ne abincin da na fi so a can, shinkafa da taliya da wake da soyayyar albasa a kwano ɗaya. Da la'asar na ɗauki wayar Yaya na shiga shafin gwajin da aka buɗe mana. Abin da na gani a babban allo ba shi ne a waya ba. Maɓallan sun ɓuya a bayan wasu maɓallan. Na nemi inda ake fara sabon rubutu har wayar ta yi zafi. Yawancin ɗaliban da Yaya take yi domin su kuwa waya kaɗai gare su. Na ajiye ta inda na ɗauka.

Washegari aka cika wa Umma burinta. Muka je Ard al-Liwa sayen turaren wuta wajen wata Bahaushiyar Sudan da Yaya take kira Khala. Sai an hau wata doguwar matattakala an tsallake layin dogo, sannan a faɗa cikin lunguna masu cunkoso inda keke mai ƙafa uku yake bi ta gefen kafaɗarka. A lungu ɗaya na ji harsuna huɗu. Khala ta fi shekara goma sha biyar a unguwar. Hausarta tana da daɗi, kamar ta kakata, sai dai Larabci yana faɗowa a ciki. Tana sayar da turare da lalle, kuma tana da shafinta da take saka kayan da kanta.

Da Yaya ta ba ta labarin Zamalek, ta ce har Auta ta gwada ta iya, sai Khala ta dube ni ta saman tabarau.

"Ke kika yi, 'yata, ko an yi miki kina zaune?"

Na dubi tabarma. Da na yi shiru da an wuce wurin, domin Umma ta riga ta fara shinshina wata kwalba. Amma na tuna littattafan nan huɗu, na ce, "An yi mini."

Yaya ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi mini ciwo ke nan. Ta jingina da bango ta rufe ido, ta ce, "Auta, da na biya fa." Khala ta ce, "Ma'alish, ba komai. Ni ma shekara biyu ina ce wa likita na gane." Ta miƙo mini tata wayar, wadda gilashinta ya tsage a kusurwa, ta ce in rubuta cewa sabon lalle ya iso, in sa hoto, in wallafa. Daga nan ta ja Yaya da Umma zuwa kicin, ta rufo ƙofa.

Tata manhajar tsohuwa ce, irin wadda mutane da yawa suke amfani da ita. Kyauta ce, sai dai a kama mata hayar wurin zama a intanet, kuma a riƙa sabunta ta. Ba ta da kyan gani ko kaɗan. Jerin kalmomi ne a gefe kamar jadawalin jarrabawa. Na ɓata sau uku. Na sa hoton a kife, na goge, na sake. Babu mai kallona, don haka ban ji kunyar ɓata ba. Har suka dafa shayi suka sha, suka soma na biyu. Da na ga labarin ya fito a gaban shafin, sai na je na ƙwanƙwasa ƙofar kicin.

Khala ta nuna wa Yaya wasu abubuwa biyu da ni ban kai gare su ba. Ana iya ba mutane da yawa mabuɗi, kowa da tasa kalmar sirri da iyakar abin da zai taɓa. Kuma ana iya kwashe duk rubutun a ajiye a gefe, ko da za a yi ƙaura. Ta kuma faɗi aibinta ba ɓoyewa: idan aka yi watanni ba a sabunta ta ba, takan rikice, ita ma ta taɓa kwana uku shafinta a rufe. Yaya ta yi ta juya kofi a hannu. A ƙarshe ta ce ita za ta ɗauka. Za a buɗe da imel na ƙungiya, ba da layin kowa ba. Mabuɗi uku: nata, na wata ɗaliba 'yar aji ɗaya da za ta gaje ta, da na Khala, wadda ba ta jiran ranar gama karatu.

Sauran kwanakin a ɗaki muka cinye su. Ina karanto littafi, Yaya tana bugawa. Mun gama ɗaya da rabi cikin huɗu. Dala kuwa na gan su, daga tagar mota a hanyarmu ta zuwa filin jirgi, can bayan wasu dogayen gidaje marasa fenti. Sun fi yadda nake zato girma, kuma sun ɓace kafin in ciro waya.

Mun sauka Kano da yamma. Na yi barcin da ban san iyakarsa ba, ƙafafuna suna ta hawa bene a mafarki. Abin da na koyo ba shi da yawa. Na san yanzu cewa "to" ɗin da nake faɗa don a daina kallona yana iya jawo wa wani asara. Na kuma san akwai irina da yawa, masu sauka a baƙon gari su ce sun gane.

Jiya Yaya ta rubuto cewa ranar Asabar za ta koya wa 'yar aji ɗayan nan yadda ake shiga shafin. Ban taɓa aika saƙon murya ba, ba na son jin muryata. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa, na goge sau biyu, na uku na bar shi ya tafi.

"Yaya, don Allah idan ta zo, kada ki tsaya a bayanta. Ki ba ta wayar ki fita. In ta ce miki ta gane, ki ce to, ki je ki ɗora shayi."