Kawu Arzika da tsinken tsintsiya

Duk wanda ya san Kawu Arzika, bakaniken manyan motoci na Argungu, ya san ba ya buɗe bonet sai ya yi wa mota sallama. In ta zo tana tafasa kuwa, tabarmarsa zai koma ya kishingiɗa, ya lumshe ido yana kallon fadama har ta huce. Kai da lodinka kuna iya mutuwa don haushi! Ni Manu, ɗan ƙanwarsa, na ci wannan haushin na ƙoshi, amma ba don shi ba da tuni na rabu da gingimarin da babana ya bar mini.

Da ta huce sai ya kwance murfin lagireto, ya sansana ruwan. Ran nan wani direba ya rantse ruwan famfo ya zuba. Kawu ya shaƙa, ya yi murmushi irin na wanda ya tuna ƙuruciya.

"Wanga ruwan gulbi na, na wajen Gulma. Ina jin ƙamshin laka."

"Wallahi Baba…"

Aka zare tiyon ƙasa, sai ga laka har da ɗan mataccen kifi. Kawu ya ɗaga shi. "Gyara ka zo, ko kasuwar kihi kaka nema?"

Wani babban ma'aikaci kuma ya taho tun daga Birnin Kebbi, wai a sauke masa inji. Kawu ya duba murfin lagireto, ya ga robarsa ta cinye, ruwa na tserewa ta nan. Ya yanko tsohon tub ya maye ta.

"Shi ke nan?" in ji mutumin, har da ɓata rai.

"Alhaji, in babbar cuta kaka so, akwai masu saida ta gaba kaɗan."

To, sai abin ya zo kaina. Motar babana ta fara zafi, in na taso daga Birnin Kebbi ko Argungu ban kaiwa sai allurar zafi ta hau ja. Kanikawa uku suka ce gasket, shimfiɗar kan inji, ya ƙone, inji ya tashi aiki. Har na yi magana da masu sayen tsohon ƙarfe. Gaskiya na yi kuka, don kujerar nan har yau akwai lotsawar zaman babana.

Da na lallaɓa na kai ta, Kawu ya yi mata sallama, ya yi barcinsa. Da ya tashi ya taba fambel, ya matsa tiyo, ya ce in tayar. Ya daɗe yana leƙen bakin lagireto.

"Babu kumfa. Baƙin mai kuma bai yi hwari ba. Gasket ɗinka lahiya lau shi ke. Ina taka kwana?"

"Bayan injin casar shinkafa."

"Iye! Ɗauko min tsintsiya."

Ashe ɓuntun shinkafa ne ya toshe ramukan lagireto kaf, iska ba ta ratsawa. Na ce mu kai a fesa mata ruwa mai ƙarfi, minti goma an gama. Ya harare ni.

"Ka lanƙwashe mata haƙarƙari? Ubanka bai taɓa yi mata tsawa ba."

Kwana uku muna zaune da tsinke, rami bayan rami. Ni ina cika ina batsewa, shi kuwa yana ba motar labari, ba ni ba: yadda shi da babana suka fara hawanta lokacin da ruwa ya cika fadama, balbelu na tashi gabansu, babana na waƙa da muryarsa mara daɗi. Tun ina tsaki har na daina. Da muka gama ya tattara ɓuntun a kwano.

"Ladata ke nan. Kajina na jira."

Ranar da Kawu ya rasu, motar nan ce ta kwaso mutanen Birnin Kebbi zuwa jana'iza, maƙil, cikin tsakar rana. Duk hanya idona na kan allura, ba ta ko motsa ba. Da muka isa na buɗe akwatin gaba zan ɗauki hula, sai ga guntuwar tsintsiyarsa ɗaure da roba, ban san ran da ya saka ta ba.

Allah Ya jiƙan Kawu Arzika. Yadda ya yi haƙuri da masu zafi har suka huce, Allah Ya sanyaya masa makwanci, shi da babana. Amin.