Mati Ladan Ya Koyi Numfashi da Furfurarsa

A wani ƙauye gabas da Minjibir, inda gonar wannan ke jingine da dangar wancan, akwai wani dattijo da ake ce wa Mati Ladan. Siriri ne kamar karan dawa, ga ɗan gemu tsirit wanda ko bunsuru ba zai yi taƙama da shi ba. Bai gaji sarauta ba, bai je Makka ba, gonarsa ma in ka yi tuntuɓe a farkonta a ta maƙwabci za ka faɗi. Abin da ya mallaka a duniya shi ne kiran salla, shekara talatin da ɗoriya yana yi a masallacin unguwarsu.

Abin da ba a faɗa shi ne, lasifika ta daɗe tana rufa masa asiri. Ƙurar sussuka ta shekara da shekaru ta cinye masa ƙirji, sai dai ya ɗan yi raɗa, na'ura ta ƙarasa masa aikin. To, sai shekarun tsadar nan suka zo, fetur ya fi ƙarfin talaka, aka tura janareton masallaci lungu, kaji suka mai da shi wurin kwana. Mati ya hau tudun kiran salla daga shi sai maƙogwaronsa. Ranar farko ya ɗauki kabbara, kafin ya kai shahada tari ya sarƙe shi. Masu noma a gonakin nesa suka riƙa isowa an riga an sallame.

Dattawa suka fara ƙus-ƙus cewa a ba Basiru tela ladancin, mutumin da in ya yi atishawa jakunan gari ke amsawa. Liman ya ce a yi wa Mati haƙuri zuwa kaka, in abin bai gyaru ba sai ya huta. Mati ya ji hutun nan kamar an auna masa likkafani.

Matarsa Furera ce ta tasa shi gaba zuwa ɗakin shan magani. Can suka tarar da Sakinatu, ma'aikaciyar jinya. Ta saurari ƙirjinsa, ta rubuta masa magani ta ce ya nema a birni in hali ya yi. Sannan ta gaya masa cewa da kafaɗa yake numfashi, kamar wanda kare ya biyo.

"'Yar nan," in ji Mati, "tun ba a haifi ubanki ba nake numfashi."

"Na sani, Baba. Shi ya sa ka ƙware a kuskuren."

Ta sa shi ya ɗora hannu a ciki, ya ja iska ta hanci a hankali har tumbi ya taso, ya ɗan riƙe, ya sake ta ta baki kamar mai hura koko. Ta nuna masa miƙe-miƙe guda uku na buɗe ƙirji da sassauta baya, ta ce a wasu ƙasashe yoga ake kiransu. Sunan nan bai kwanta wa Mati ba, sai da ya kai wa liman. Liman ya sa ya gwada a zaure, ya kalle shi tsaf, ya ce shi dai bai ga shirka ba, miƙa ya gani, kuma kyanwar gidansa ma tana yi kowace safiya.

Nauyin idon iyali ya hana shi yi a gida, sai ya koma tsakiyar geronsa da hantsi. Shi a dole ya ɓuya, a garin da maƙwabci ke jin tarinka daga gonarsa. Mata masu kai abinci gona suka hango hannaye biyu sun fito saman gero suna lilo. Kafin rana ta take labari ya kai kasuwa. Wasu suka ce iskokai ne, wasu suka ce yunwa ce ta taɓa kan Mati. Furera kuwa, duk wadda ta zo mata jaje sai ta ce ta koma ta ji da nata mijin, wanda sai an kama shi yake tashi daga tabarma.

Sati uku babu abin da ya sauya, sai barcinsa da ya yi nauyi, da faɗan gishiri da ya rage yi wa Furera. A wata na biyu ya lura yana kai ƙarshen kunya bai tsaya dafa fartanya ba. Tarin bai tafi ba, har gobe yana nan, amma ya daina yi masa kutse a tsakiyar magana.

Ranar da aka fara yankan gero, gari duk ya watse gona. La'asar ta yi, Mati ya hau tudu, Basiru na tsaye a gindi yana gyaran murya, liman na zaune yana jan carbi. Mati ya ɗora hannu a ciki yana jan iska a hankali, har Basiru ya ɗaga ƙafa zai hau. Sai kira ya fito. Ba shi da kaurin na Basiru, amma dogo ne, a miƙe, bai yanke ko sau ɗaya ba har ƙarshe.

Mutane suka fara ɓullowa da ƙaiƙayi a wuya. Na ƙarshensu Iliyasu ne, wanda gonarsa ta fi ta kowa nisa, har ana tsokanarsa da cewa a wata ƙaramar hukumar yake noma. Liman ya tambaye shi abin da ya dawo da shi da wuri haka.

"Kira na ji, Malam."

Liman ya dubi Basiru ya ce ya sami sahu ya tsaya, bayan salla kuma ya koma kan kekensa, mutane na jiran ɗinki. Sannan ya juya.

"Malam Mati, ta da iƙama."