Yabon da Ya Ƙi Goguwa

Mai Shafi ake ce masa a layinsu, don sana'arsa ke nan, gina wa masu kanti shafin intanet. Ɗakin aikinsa ɗan ƙarami ne, da fanka mai ƙugi da kwamfutar da harafi ɗaya ya ɓalle mata. Manhajar da yake aiki da ita ta wani kamfani ce, kuma da farko ta yi masa rana. Daɗi ya ɗebe shi har ya rubuta musu yabo: "Ba su taɓa ba ni kunya ba." Kamfanin ya ɗauki maganar da hotonsa ya liƙa a gaban shafinsu. Babu wanda Mai Shafi bai nuna wa ba, har mai facin taya.

To, baki shi ke yanka wuya. Kamfanin ya sabunta manhajar ba wanda ya roƙe shi, shafuka suka birkice. Na yayarsa mai ɗinka labule ya fi muni: mai saye ya zaɓa, ya danna, shiru kake ji. Da shafin nan kuwa take riƙe da 'ya'yanta tun rasuwar mijinta.

Ya rubuta wa sashen taimako. "Mun ji kokenka, muna dubawa." Kullum sabon ma'aikaci, kullum sai ya ɗauko labarin daga tushe. Ya gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta. Abin da ya fi ci masa rai, duk sanda ya buɗe shafinsu don kai kuka, fuskarsa ce ke tarbarsa da murmushi.

Yayar ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, ko zama ba ta yi ba.

"Ƙanina, kai fa ka ce ba sa ba da kunya."

"Yaya, ki ƙara haƙuri."

"Haƙurin zan dafa wa yara?"

Bayan ta tafi ya rubuta wa kamfanin cewa su cire yabonsa, ya janye. Wannan karon amsa ba ta jima ba: "Kafin ka yanke hukunci, karanta abin da wani abokin cinikinmu ya faɗa." A ƙasa, ga hotonsa shi kansa da yabon da ya rubuta.

Ya daɗe yana kallon mutumin nan mai fara'a. Sannan ya ɗauki waya ya tura wa yayarsa lambar wani mai gina shafi, wanda ya sha ƙwace masa masu ciniki.

"Ki je wurinsa, Yaya," ya ce da ta kira. "Kada ki ƙara jirana."