Takardar da ta Tokare Tebur

Ƙanwata Auta ta yi shekara goma sha ɗaya tana kula da rumbun bayanan marasa lafiya a wani ƙaramin asibiti. Ba ta da surutu, ni na kwashe nata na haɗa da nawa. Ofishinta kamar akurki, fanka ɗaya, sabar, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan, na gurnani a kusurwa, amma ko katin mutum ɗaya bai taɓa ɓacewa a hannunta ba.

Sai aka kawo wani mai ƙaton agogo, wai Injiniya. Sati guda ya ce aikin ya fi ƙarfin mai difloma. Aka mayar da ita sito tana jera kwalaye, aka bi ta da tsohuwar kwamfutarta, wai tarkace ce. Kafin ta fita ta rubuta masa bayanin komai a takarda uku. Tana tsaye ya ninke su ya tokare ƙafar teburinsa da ke rawa.

Ranar a gidana ta yi kukanta. Na ce, "Share hawaye. In ya neme ki, ki kira ni."

Ran Litinin ya je shafin da ake shiga a sarrafa rumbun, shafi ya ce babu izini. Ya sauya kalmar sirri, ya kashe sabar ya kunna, ya zagi masu intanet. Likitoci kuwa na jiran a gyara katunan da suka cakuɗe. Bai san tun farko Auta ta ɗaure shafin ba. Daga adireshin tsohuwar kwamfutar nan kaɗai yake buɗewa, don kada kowa ya shiga ya yi ɓarna.

Laraba ya aika a kira ta. Na bar ɗinkina na raka ta. Shugaban asibiti na tsaye, ma'aikata sun cika ƙofa.

"Malama, ɗan taimaka mana," in ji Injiniya.

"Ai na taimaka," in ji Auta. "Bayanin yana takarda ta biyu."

"Wace takarda?"

Na nuna masa da baki. "Ga ta can tana riƙe maka tebur. Sunkuya, ƙanena, bayanka ba zai karye ba."

Ya durƙusa gaban kowa ya zaro ta, tebur ya karkata, shayin da ke kai ya wanke masa ƙeya. Ya karanta. Da kansa ya je sito ya rungumo tarkacen, aka jona, shafi ya buɗe.

Shugaba ya ce Auta ta koma kujerarta. Ita ta ce ta yafe. Ni ban yafe ba. Takardar ma na karɓe na sa mata gilashi, tana rataye daidai saitin teburinsa.